Rubutun Baba Katikis

Har yau in na ga takarda mai rubutun hannu ta jiƙe da mai, zuciyata tashi take yi. Ni da na shekara ashirin da biyu ina naɗe ƙosai a takarda! Yanzu a leda nake zubawa, masu saye suna ta mita wai leda tana sa ƙosai ya yi gumi. Su yi ta yi. Wanda bai ji daɗi ba ya zo da kwanonsa.

Sunana Barkisu. Koko da ƙosai nake sayarwa a bakin layinmu a Zangon Kumasi, daura da ƙaramin masallacin unguwa. Gidanmu na haya ne, ɗaki goma sha ɗaya, famfo ɗaya, kuma kowa Musulmi ne in ban da mutum guda, wato Baba Barnabas Akolgo, wanda duk Zango ke kira Baba Katikis. Daga wajen Bolga, can arewa, ya zo tun ina goye a bayan uwata. Katikis ba fasto ba ne, shi ne mai karantar da mutanen coci abin da ya kamata su sani na addininsu. Cocin nasu ƙarami ne, can wajen Dichemso, kuma duk 'yan arewa ne a ciki: masu gadi, masu dako, masu wankin mota a Suame Magazin. Farafara, Kusasi, Busanga, Dagati, wannan ba ya jin harshen wancan, Tuwi, harshen mutanen Kumasi, rabi-rabi, Turanci sai a hankali. Hausa ce kaɗai ta haɗa su.

To shi ne Baba ya ɗora wa kansa aiki. Duk wani suna mai wuya ko kalma mai nauyi da ke cikin littafinsu da tarihin cocinsu, sai ya zauna ya bayyana ta da Hausar da mai gadi zai gane. A littattafan rubutu irin na 'yan makaranta yake yi, bi da bi daga harafin farko, sunan da jan biro, bayanin da shuɗi. Shekara talatin da ɗaya yana wannan abu. Matarsa ta rasu yana kan Ibrahim da Ishaku, idonsa ya fara rauni yana kan Sadukiyawa. Littattafan suna cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, kuma wani mai injin buga littafi ya yi masa alkawarin zai buga da zarar ya gama. A daminar da nake ba ku labari ya kai kan Zakariya. Saura ƙiris.

Kullum da safe, in masu fitowa daga sallar asuba sun watse, sai ya zo da kofinsa na roba ya zauna a bencina. Koko ba sukari, ƙosai uku. Ni kuma in ce, "Baba, yau wa muke da shi?"

Sai ya gyara tabarau ya faɗa mini wanda ya rubuta jiya. A bakin kaskon nan na san Atanasiyus, wanda aka kora daga garinsa sau biyar yana dawowa bai canja magana ba. Na ce wannan in a Zango yake da an ce masa mai taurin kai. Na san Monika, wata mata a arewacin Afirka da ta yi shekaru tana kuka tana addu'a kan ɗanta Agustin har ya shiryu. Na ce irinta muna da su layi-layi. Ranar da ya ba ni labarin Marta, wadda ta yi ƙorafi an bar ta ita kaɗai a madafa 'yar'uwarta tana zaune tana sauraron wa'azi, na ajiye matsami na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ni ina bayan Marta. Da kowa ya zauna, wa zai dafa abincin?" Ya yi dariya har koko ya sarƙe shi.

Ba duka muke shiryawa ba. Da ya kawo zancen taron Nikiya, inda ya ce shugabannin coci wajen ɗari uku suka taru a zamanin wani sarki Kostantin suna gardama kan matsayin Annabi Isa, na ce masa, "A nan kam ku tsaya a naku, in tsaya a nawa."

Ya ce, "'Yata, ni koko na zo sha."

Shi ke nan. Bai taɓa ja na zuwa wajensu ba, ban taɓa jansa zuwa namu ba. Da Sallah namansa daban ake ware masa, da Kirsimeti ya sayo kaji ya kai wa malamin masallacinmu ya yanka don kowa ya iya ci. Akwai kuma labarin da na fi so, na wani magatakarda Baruk. Annabi Irmiya yana faɗa yana rubutawa, sarkin zamanin ya karɓi rubutun ya yi ta yanka da wuƙa yana jefawa a wuta har ya ƙare. Baruk ya nemo sabuwar takarda suka sake daga farko. Na ce da ni ce, wallahi sai na tsine wa sarkin nan tukuna kafin in ɗauki alƙalami.

Wata Litinin da safe Baba ya faɗi a bakin famfo da bokiti a hannu. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana sai da kyar. Da na je duba shi ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da kalma ɗaya: "Akwati." Na ce ya kwantar da hankalinsa, ɗaki a kulle yake, ba mai taɓawa. Ashe makullin ya riga ya faɗa hannun Filimon.

Kai, Filimon! Ɗan ƙanin Baba ne, uban ya rasu, Baba ne ya biya masa makaranta. Yanzu ya kafa wani tanti a bayan Suame ya sa wa kansa suna Afostul, wato manzo. Farar kwat, takalmi mai tsini, turare mai hawa kai. Ba abin da yake sai sayar wa matan mutane man zaitun a ƙananan kwalabe, da wasu takardun mannawa masu hoton fuskarsa, wai in ka manna a ƙofa mayu ba sa shiga. Na taɓa ji da kunnena Baba ya tambaye shi, "Filimon, wane ne Malkisadik?" Ya gyara kwat ya ce ɗaya ne daga cikin manzanni goma sha biyu. Ni mai ƙosai, Musulma 'yar Musulmi, na san sarki ne kuma firist da ya taryi Annabi Ibrahim tun ba a haifi kakannin manzannin ba. Ranar Baba bai ƙarasa kokonsa ba.

Shi ne mafi kusa a dangi, shi aka miƙa wa kayan aljihun Baba a asibiti. Ran Laraba ina wajen injin niƙan wake ya zo da mota. Ko da na dawo, ɗakin Baba cike yake da kwalayen man zaitun da manyan lasifika biyu. Na tambaye shi ina akwatin, ya ce ya kai shi wuri mai kyau. Ni kuma, sakarya, na yarda.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku zancen duron masallaci, don a kansa komai ya rataya. A zauren masallacinmu akwai rabin duro mai murfi. Duk takardar da ke da sunan Allah in ta tsufa ko ta yage, ba ma jefa ta a shara. Tsohuwar kalanda, katin ɗaurin aure, yagaggen shafin karatu, ko a hanya ka tsinta sai ka ɗauka ka kaɗe ka kai can. In duron ya cika, Malam Sanni ladan ya yi alwala, ya kai bayan masallaci ya ƙona a wuri mai tsabta, ya binne tokar a gindin darbejiya. Haka muka taso muka tarar. Ni kaina ban san sau nawa na kai takarda duron nan ba.

Ran Alhamis da sassafe Sadick mai takardu ya kawo mini ƙunshi kamar kullum. Sana'arsa ke nan, ya tattaro tsofaffin jaridu da takardun ofis da na jarrabawa ya raba wa masu abinci. Ban ko duba ba, layi ya yi tsawo, mai yana tafasa. Ina yaga ina naɗewa ina miƙawa. Na sallami mutum ya kai arba'in kafin Malam Sanni ya zo. Na naɗe masa nasa, ya juya zai tafi, sai ya tsaya cak.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Barkisu, me kike naɗe ƙosai da shi?"

Ya juye ƙosan a tafin hannunsa duk da zafinsa, ya miƙo mini takardar. Mai ya ratsa ta har ana ganin hasken rana ta ciki. Ga sunan Annabi Musa da jan biro, ga sunan Allah wuri huɗu da shuɗi, don su ma Kiristoci in suna Hausa Allah suke cewa. Ba sai an gaya mini hannun wa ne ba. Wannan ƙaramin rubutu mai kwanciya gefe, na fi shekara ashirin ina ganinsa.

Na ɗaga kai na dubi layi. Ga wani direban tirotiro, motar haya, yana goge bakinsa da shafi guda, ya dunƙule ya jefar. Ga wasu biyu suna yawo a kwata cikin baƙin ruwa. Ga akuyar gidan maƙwabta tana tauna ɗaya, rabi a waje rabi a ciki. Kuma da hannuna na yaga su, ba wani ba.

Na sauke kasko daga wuta na bar koko a buɗe, na bi Sadick da gudu har na cim masa wajen masu kifi. Na cakumi rigarsa.

"Ina ka samo takardun nan?"

"Mma Barkisu, sake ni mana! Wani mai farar kwat ne ya kira ni jiya ya juye mini akwati guda, ya ce in kwashe shara. Shi akwatin ya ba masu gwangwan."

"Wa da wa ka ba?"

Ya fara lissafa mini da yatsu. Azumi mai gyaɗa, masu soyayyen kifi biyu, mahauci, mai burodi, mai doya. Ya ɓalle littattafan daga bangonsu ya raba su damƙa-damƙa. Da ya zo na ƙarshe sai ya sunkuyar da kai. Na ce ya faɗa ko in tara masa jama'a. Ya ce ya kai damƙa ɗaya wajen mai tsaron masai, ban-ɗakin unguwa, wanda ke miƙa wa masu shiga takarda a bakin ƙofa.

Can na fara nufa. Ban taɓa yin gudu irin na ranar ba tun ina budurwa. Na tarar da mutumin yana zaune kan kujerarsa, ya yanka jarida ƙanana-ƙanana yana ba masu shiga, damƙar Baba tana ƙarƙashin dutse a gefensa tana jiran jaridar ta ƙare. Na fizge na rungume ta a ƙirji, ga wari, ga ƙudaje, na tsaya a wurin ina kuka kamar wadda aka yi wa rasuwa. Na duba na sama, sunan Ayuba ne. Tir da wannan rana.

Malam Sanni kuwa, in faɗi gaskiya, ya yi abin da ban zata ba. Ya kunna lasifikar masallaci ba lokacin salla ba, ya yi shela da Hausa ya maimaita da Tuwi: duk wanda ke da takarda mai rubutun ja da shuɗi, ko a ina ya same ta, ya ji tsoron Allah ya kawo, akwai sunan Ubangiji a jiki. Sai ga Zango ya motsa. Mata suna fitowa daga madafa da shafi ɗaya ɗaya. Mahauci ya zo da nasa duk jini a gefe. Azumi ta kwance gyaɗarta da ta riga ta ƙulla, ƙulli wajen sittin, ta miƙe kowace takarda a cinyarta. Wani tsoho mai ciwon baya ya duƙa a kwata da sanda ya tsamo waɗanda na gani da safe. Ba wanda ya tambaya ko na wane addini ne. Ranar na so mutanenmu paa, so na gaske.

Kafin azahar buhun shinkafar da muke tara su a ciki ya kusa cika. Na zauna ina dubawa, na ga mafi yawa sun dawo. Wasu da mai, wasu da ƙarnin kifi, wasu sun jiƙe, amma rubutun yana karantuwa. In aka shanya aka jera bi da bi, mai buga littafi ba ruwansa da ƙarni.

Ina shiga gida da buhun sai ga Filimon yana fitowa daga ɗakin Baba da kwali a hannu. Na dire buhun a gabansa.

"Ka san mene ne wannan?"

Ya leƙa, ya toshe hanci da farin hankici. "Ei, Mma Barkisu! A kan wannan ne kuka tada gari? Tsofaffin takardu ne fa, duk kyankyasai. Yanzu komai yana cikin waya. Wa zai zauna karanta sunayen matattu? Mutane iko suke nema."

"Mutumin da ya biya maka makaranta! Shekara talatin da ɗaya, ka ba Sadick ya kai masai?"

"Ni ban ce ya kai can ba."

"Wane ne Malkisadik?"

Ya dube ni kamar na haukace. Na tofar da yawu a gefen takalminsa mai tsini, na ce Allah ya isa tsakaninsa da tsohon nan. Ya ce zai yi mini addu'a. Na ce ya riƙe abarsa, ko kyauta ba na so.

To ina zan ajiye buhun? Ɗakina yana yoyo, ga hadari ya haɗu, ga Filimon yana shiga yana fita da makulli a hannu. Lokacin ganin marasa lafiya ƙarfe huɗu ne, kuma na ƙagu in kai wa Baba albishir. Sai na ce a raina ba inda ya kai masallaci aminci. Na saɓa buhun na kai zaure, na jingine shi a bango, dab da rabin duron nan. Malam Sanni yana zaune yana jan carbi.

Na ce, "Malam, ga su nan duka. Na Baba Katikis ne, aikinsa na shekara talatin."

Ya girgiza kai. "Allah sarki, bawan Allah. Ji yadda aka wulaƙanta masa su. Je ki, Barkisu, Allah ya ba da lada."

Iyakar abin da muka faɗa ke nan. Ban ce ya ajiye mini ba, don a ganina wannan ba abin faɗa ba ne. Na zari falle ɗaya mai ɗan tsabta daga sama, na tsakiyar littafi mai shafi huɗu, na sa a jaka don Baba ya gani da idonsa, na tari mota.

A asibiti na ba shi labari tiryan-tiryan, masai kawai na ɓoye. Na ce, "Baba, sun dawo. Suna masallaci, ba mai taɓa su." Na buɗe masa fallen. Ya kafa masa ido, hawaye yana bin ɓarin fuskar da ya karkace, ya kama hannuna da na hagu ya matse har na ji zafi. Ya daɗe bai sake ni ba. Na fito ina jin kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka.

Hadarin bai zubar ba. Na sauka a bakin layi rana tana shirin faɗuwa, sai na ji ƙamshin turaren wuta haɗe da ƙaurin takarda. Ƙafafuna suka gane kafin kaina ya gane. Na zagaya bayan masallaci da gudu.

An share wurin tas an yayyafa ruwa. Dattawa uku suna zaune kan tabarma. Malam Sanni da farar riga, hannu naɗe, yana juya toka da sanda a hankali don kada ko gutsure ya tsira iska ta kai shi kwata. Buhun yana gefe a ninke, ba komai a ciki.

"Malam! Me kuka yi?"

Ya ɗago da fara'a. "Alhamdu lillahi, an gama. Ko ɗaya bai taɓa ƙasa ba. Har turare na sa, na Makka, wanda nake ɓoyo."

"Wayyo Allah! Ai ajiya na kawo! Bugawa za a yi!"

Fara'ar ta ɗan ragu, amma bai ga laifinsa ba. "Haba Barkisu. Da jini? Da ƙarnin kifi? Wasu daga kwata aka tsamo su, wasu kin san daga inda kika ɗauko. Wa zai mayar wa dattijo sunan Allah a wannan hali? Da na mahaifina ne ma abin da zan yi ke nan. Ban bambanta shi da namu ba."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Kuma ke kika kawo su gindin duro da hannunki."

Wannan maganar gaskiya ce. Filimon na iya tofa masa yawu, Sadick na iya cakumar rigarsa. Malam Sanni fa, da ya ƙona hannunsa da ƙosai da safe don kada sunan Allah ya ƙara minti ɗaya a cikin mai? Ni da aka haifa a layin nan, na san abin da ake yi wa takardar da aka kai zauren can tun ban iya ɗaura zane ba. Na kwashi aikin mutum daga bakin masai, na kai shi bakin wuta, na tafi ina murna. Na ji ƙyamar Filimon, na ji haushin Malam, amma wallahi wadda na fi jin ƙyama ita ce ni.

Kwana tara ban taka asibiti ba. Ina aika koko ta hannun Azumi, in ce ta ce ƙafata ke ciwo. Abin kirki ɗaya da na yi shi ne na tara matan gida muka fitar da kwalayen Filimon da lasifikansa muka jibge a tsakar gida, mai gida ya karɓe makulli. Ya zo ya kwashe yana ta zage-zage da Turanci. Muka wanke ɗakin muka shimfiɗa sabon zanen gado. Ƙarƙashin gadon wayam, sai shatin akwatin a siminti.

Ran Asabar mutanen cocinsu suka dawo da Baba a tasi. Suka zaunar da shi a kujera a ƙofar ɗakinsa, hannun daman a kan cinya kamar ba nasa ba. Yana ganina ya ɗaga gira yana nuna wajen masallaci da haɓa. Na buɗe baki ke nan sai ga sallama. Malam Sanni ne da dattawan nan uku, sun zo gaisuwa da lemu a leda.

Na yi masa alama da ido, na yi tari, har ƙafa na buga a ƙasa. Ina! Bayan an yi ya jiki, ya gyara zama ya ce, "Katikis, kada ka damu da zancen takardunka. An so a wulaƙanta su, Allah bai yarda ba. Duk Zango aka fita nema. Ni da kaina na yi alwala na ƙona su da turare, na binne tokar a gindin darbejiya, wuri ɗaya da namu. Ba a taɓa yi wa wanda ba Musulmi ba haka a masallacin nan, sai kai."

Baba ya dubi Malam, ya juyo ya dube ni. Ban iya riƙe idonsa ba. Sannan ya sunkuya ya kalli hannunsa na dama, ya daɗe yana kallo. Na tuna da Baruk, na tuna shi yana da hannu, wanda yake faɗa masa kuma yana da baki.

Baba ya fi shekara arba'in a Zango. Ya san duron nan, ya san darbejiyar, ya san abin da Malam yake nufin ya ba shi. Na ga yana tattaro kalmar da ƙarfin tsiya. Na yi fatan ya yi ihu, ya zage mu, ya jefe ni da lemun nan.

Ya ce, "Na... gode... Malam."

Malam Sanni ya washe baki. "Ba komai, ai maƙwabtaka ce." Suka yi masa addu'ar samun sauƙi suka tafi suna jin daɗi. Ni kuwa na zaga bayan ɗaki na yi ta amai har ba abin da ya rage a cikina.

Daga baya na gwada. Na sayo littafin rubutu da biro biyu, ja da shuɗi, na ce, "Baba, ku faɗa ni in rubuta." Ya yi ƙoƙari. Sunayen suna nan a kansa, ina ganinsu a idonsa, amma ba sa isowa baki. Rabin sa'a muka yi bai fitar da ko ɗaya ba, sai gumi. Ya tura mini littafin da hannun hagu ya juya fuska bango. Ban sake kawo zancen ba.

Yanzu yana iya takowa bencina da sanda. Ranar farko da ya zo, na zuba masa koko ba sukari, bakina ya riga ni na ce, "Baba, yau wa muke da shi?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa sai ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da fallen nan da na kai masa asibiti, ya sa shi a leda ya ninke. Ya shimfiɗa a gwiwa, ya ɗora yatsa kan jan rubutun farko. Na goge hannuna sosai, na karɓa na karanta masa da ƙarfi, masu saye suna jira.

Suna biyar ne a fallen: Malkisadik, Manassa, Manna, Markus, Marta. Kullum ɗaya muke yi. In mun kai Marta, washegari sai ya mayar da yatsansa kan Malkisadik.